Danshi Da Funfuna A Gidajenmu Lokacin Damina

Da zarar damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta lokacin marka, magidanta da yawa kan fara kokawa da warin ɗaki. Gindin bango ya yi baƙi, takalmin fata da aka tura ƙarƙashin gado ya yi fari-fari, littattafan yara su manne da juna. Wannan aikin funfuna ne. Ƙwayoyin da take yaɗuwa da su suna yawo cikin iska a kowane lokaci, kuma babu sharar da za ta raba gida da su. Danshi kawai suke jira su tsiro. Don haka muke jan hankalin jama'a cewa wanda ke son rabuwa da funfuna, sai ya fara gano inda ruwa ke shigo masa.

Lamarin ya wuce ɓata kaya. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan iskar cikin gida, inda ta nuna cewa mazauna gidaje masu danshi da funfuna sun fi fuskantar tari, da ciwon hanyoyin numfashi, da tashin asma.

Yoyon kwano da toshewar indararo kowa na ganinsu, gyaransu kuma sananne ne. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne ruwan da ke hawowa daga ƙasa. Tubali da bulo suna zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir, ta yadda idan ruwa ya kwanta a gindin gini, ko kwata ta toshe a bayan ɗaki, bango zai yi ta sha har fenti ya kumbura ya fara zuba. Maganinsa shi ne a cike gindin bango da ƙasa, a yi masa gangara, a kuma yashe magudanar ruwa tun kafin ruwan farko. Mai sabon gini kada ya bari a zuba daɓe ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa ba. Kuɗinta kaɗan ne in an kwatanta da gyaran da za ta hana.

A nan ya kamata mu faɗi abin da ba kowa zai so ji ba. Shafe baƙin bango da fentin mai ɓoye cuta ne, domin ruwan yana nan a ciki, kuma tabon zai dawo. Haka ma shafa siminti a kan ginin ƙasa: da zarar ya tsage, ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye har bango ya zube. Maginanmu na da, masu yaɓe da makuba suna sabunta shi a kai a kai, sun fi mu fahimtar wannan.

Akwai kuma danshin da mu da kanmu muke tarawa, ta hanyar shanya a ɗaki, da girki a rufe, da kulle tagogi dare da rana saboda sauro. A sa wa taga raga, a riƙa buɗe ta idan rana ta fito. A janye gado da akwati daga jikin bango.

Duk abin da ya jiƙe, a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48. Inda funfuna ta riga ta kama bango ko daɓe, a wanke da sabulu, sannan a goge da ruwan bilic, kofi 1 a cikin ruwa lita 4, a buɗe tagogi, a rufe hanci, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Katifar soso ko silin na kwali da ta ci ta shige ciki, ba su wankuwa, sai dai a canza.

Hatsarin ya fi girma a ɗakin ajiyar abinci. Wata irin funfuna da ke kama masara da gyaɗa tana samar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Ana so masara ta bushe har danshinta ya sauko zuwa kashi 13 cikin 100 kafin a zuba ta a buhu. Wanda ba shi da na'urar awo yana iya zuba ƙwayar masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ya rufe, ya girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar tana buƙatar ƙarin shanya. Buhunan kuma a ɗora su a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.