Rubutun Hikima ko Barazana: Iyakar Ƴancin Faɗar Albarkacin Baki ga Ɗalibai a Kotunan Amurka

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani ne a kan yadda kotunan Amurka suke rarrabe ƙagaggen labari ko rubutacciyar waƙa mai ɗauke da kisa da zub da jini, da barazanar da doka take hukuntawa, idan marubucin ɗalibi ne. Mun dubi shari'o'i huɗu da aka yanke tsakanin 1995 da 2004, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2023, muka kwatanta su da dokar Faransa. Abin da ya fito fili shi ne, munin abin da ke cikin rubutu bai isa ya mai da shi laifi ba. Abin dubawa shi ne wa aka nufa da shi, ta wace hanya ya isa gare shi, kuma mene ne marubucin ya sani.

Gabatarwa

Idan malamin adabi ya ba ɗalibansa aikin ƙaga labari, sai ɗaya daga cikinsu ya kawo labarin yaron da ya harbe ƴan ajinsu, tambayoyi uku ne ke gaban malamin. Shin ɗalibin ya aikata laifin da zai kai shi gaban alƙali? Shin makaranta tana da ikon kore shi ko dakatar da shi? Shin yana bukatar a duba lafiyar hankalinsa? Sau da yawa akan cakuɗa waɗannan tambayoyi a mai da su ɗaya, alhali kowacce da ma'auninta. A Amurka aka fi yin gardama a kan wannan batu, domin ƙasar ta haɗa abu biyu: kariya mai ƙarfi ga ƴancin magana, da yawan harbe-harbe a makarantu.

1. Tushen doka

Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya hana hukuma tauye ƴancin magana. Hukuma kaɗai wannan hani ya ɗaure, watau ya shafi makarantu da jami'o'in gwamnati, bai shafi masu zaman kansu ba.

A 1969 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka zama ginshiƙi. Na farko shi ne shari'ar Tinker, inda aka dakatar da wasu ɗalibai a garin Des Moines domin sun ɗaura baƙin ƙyalle a dantse don nuna ƙin yaƙin Biyetnam. Kotu ta ce ɗalibi yana tare da ƴancinsa har cikin makaranta, sai fa in maganarsa za ta dagula karatu ƙwarai ko ta taɓa haƙƙin wasu. Na biyu shi ne shari'ar Watts. Wani saurayi mai shekara 18 ya faɗa a wani taro a Washinton cewa in aka tilasta masa ɗaukar bindiga, shugaba Johnson ne zai fara saitawa. Kotu ta soke hukuncin da aka yi masa, tana mai lura da cewa maganar tana da sharaɗi, an yi ta cikin gardamar siyasa, kuma masu saurare dariya suka yi. Daga nan aka sami bambanci tsakanin cika baki da barazana ta haƙiƙa, wadda tsarin mulki ba ya karewa.

Ke nan ma'auni biyu ne: na makaranta, wanda bai da wuyar cika, da na kotun laifi, wanda ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba.

2. Abin da ya biyo bayan Columbine

Tun 1994 wata dokar tarayya ta wajabta korar shekara guda ga duk ɗalibin da ya shigo makaranta da bindiga, aka kuma shiga tsarin ba sani ba sabo. A ranar 20 ga Afrilu 1999 ɗalibai biyu na makarantar Columbine, a jihar Kolorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami guda. Daga baya aka gano cewa ɗaya daga cikinsu ya rubuta wa malamarsa, ƴan watanni kafin nan, labarin wani mutum mai baƙaƙen kaya da ya harbe wasu ɗalibai, har malamar ta yi wa iyayensa magana. Daga wannan lokaci shugabannin makarantu da yawa suka ɗauki duk rubutu mai kisa a matsayin gargaɗi, wasu kuma ba su tsaya ga horon makaranta ba, suka kira ƴan sanda.

3. Shari'o'i huɗu

3.1. Baker (1995 zuwa 1997). Jake Baker ɗalibi ne a Jami'ar Mishigan. Ya sa wani labari a intanet wanda ya bayyana azabtar da wata mace da kashe ta, ya kuma ba ta ainihin sunan wata ƴar ajinsu. Jami'a ta dakatar da shi, aka kama shi a Fabrairun 1995, ya yi kusan wata guda a kaso. Amma da aka sake tsara tuhuma sai masu gabatar da ƙara suka ajiye labarin, suka dogara ga wasiƙun imel da ya yi musaya da wani mutum. Alƙali Avern Cohn ya kori ƙarar a Yunin 1995, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a 1997, bisa hujjar cewa ba a aika wasiƙun don tsorata kowa ba.

3.2. Douglas D. (2001). A jihar Wiskonsin wata malama ta ba ƴan ajinta aikin ƙaga labari, ta fitar da wani yaro mai shekara 13 daga aji saboda surutu. A waje ya rubuta labarin ɗalibin da ya sare kan malamarsa da adda, ya kuma kira malamar cikin labarin da laƙabin da ake kiran tasa malamar. Kotun yara ta same shi da laifin ta da hankali. Kotun Ƙolin jihar ta soke hukuncin, tana mai cewa aikin aji ne aka sa shi, labarin yana magana a kan wani ne ba da bakin yaron ba, kuma akwai zuzutawa da barkwanci a ciki. Duk da haka ta ce makaranta tana da ikon hore shi.

3.3. LaVine (2001). A garin Blaine na jihar Washinton, wani ɗalibi ya nuna wa malamarsa ta Ingilishi wata waƙa a 1998, don ta faɗa masa ra'ayinta. Mai magana a cikin waƙar yana ba da labarin yadda ya harbe mutane a makaranta. Aka dakatar da ɗalibin cikin gaggawa, ya rasa kwana 17 na karatu, ya dawo bayan likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. A nan ba tuhumar laifi aka yi ba. Iyalinsa ne suka kai ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce dakatarwar ta halatta, domin an yi ta don kariya ne, kuma makaranta ta san wasu matsalolin da yaron ke ciki ban da waƙar. Amma ta hana a bar baƙin rahoto cikin takardunsa bayan an tabbatar babu haɗari.

3.4. George T. (2004). A Maris 2001, kwana 11 bayan wani harbi a wata makaranta kusa da San Diego, wani yaro mai shekara 15, baƙo a wata makaranta ta San Jose, ya miƙa wa wasu ƴan ajinsu waƙar da ya rubuta. Mai magana a cikinta yana siffanta kansa da mugu, yana cewa yana iya zama wanda zai kawo bindiga makaranta. Kotun yara ta yanke masa kwana 100 a gidan horon yara, bisa aya ta 422 ta dokar laifuffuka ta Kalifoniya. Marubuta irin su J. M. Coetzee da Michael Chabon sun shigar da takarda kotu don goyon bayansa. A Yulin 2004 alƙalan Kotun Ƙolin jihar suka soke hukuncin baki ɗaya. Hujjarsu ta nahawu ce da ta adabi: kalmar da yaron ya yi amfani da ita tana nuna iyawa ne, ba ta nuna ƙudurin aikatawa, waƙa kuma a ɗabi'arta tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, alhali ayar dokar tana neman barazana bayyananniya, marar sharaɗi, mai nuna aiwatarwa nan kusa. Kotu ta ƙara da cewa makaranta ta yi daidai da ta bincika.

4. Abubuwan da alƙali ke dubawa

Idan muka jera waɗannan hukunce-hukunce za mu ga abubuwa huɗu suna maimaituwa.

Na farko, bambancin marubuci da mai ba da labari, wanda ɗaliban adabi suka sani daga ayyukan Gérard Genette. «Ni» ta cikin waƙa ba lalle ba ne ta zama «ni» ta mai alƙalami. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin adabin baka na Hausa. Ɗan dambe ko maharbi yakan yi kirari ya ambaci kisa da kabari, ba wanda ke kai shi ƙara, domin fage da kiɗa sun riga sun faɗa wa mai saurare irin maganar da yake ji.

Na biyu, kama suna. Mun san tazarar da ke tsakanin habaici, wanda ba ya kama suna, da zambo, wanda ke nuna mutum ƙarara. Duk lokacin da rubutu ya ambaci rayayyen mutum da ke kusa da marubucin, rigar ƙage takan yi sirara. Shi ya sa ko da aka wanke Baker da Douglas daga laifi, ba a ce makarantunsu sun yi kuskure ba.

Na uku, hanyar isarwa. Labarin da aka miƙa wa malami a matsayin aikin aji dabam yake da takardar da aka jefa cikin jakar wanda ake gaba da shi, ko da kalmomin iri ɗaya ne.

Na huɗu, abin da ke zuciyar marubucin. Shekaru da yawa kotuna da dama sun wadatu da tambayar yadda mai hankali zai fahimci maganar. A 2015, a shari'ar Elonis, wanda ya riƙa sa baitocin rap a Facebook a kan matarsa da ta rabu da shi, Kotun Ƙoli ta ce wannan bai isa ba a ƙarƙashin dokar tarayya. A Yunin 2023, a shari'ar Counterman, ta shimfiɗa ƙa'ida ga ƙasa baki ɗaya: dole mai gabatar da ƙara ya nuna aƙalla cewa wanda ake tuhuma ya san akwai babban haɗarin a ɗauki maganarsa a matsayin barazana, ya kuma yi biris. Wannan ƙa'ida ta shafi tuhumar laifi ne. Horon makaranta yana da nasa ma'auni, wanda ya samo asali daga Tinker.

5. Kwatanci da Faransa

Dokar Faransa ta bi wata hanya. Aya ta 222-17 ta dokar laifuffuka tana hukunta barazanar aikata laifi a kan mutum idan an maimaita ta, ko kuma an tabbatar da ita ta rubutu ko hoto ko wani abu: wata 6 a kaso da tarar yuro 7 500, in kuwa barazanar kisa ce, shekara 3 da yuro 45 000. Watau a can rubutawar kanta tana cikin abin da ke cika laifin. Sa'an nan tun dokar Nuwamba 2014 yabon ta'addanci ya shiga dokar laifuffuka a aya ta 421-2-5, abin da ba shi da takwara a Amurka. Amma ko a Faransa alƙalai sun yarda da bambancin marubuci da halittarsa. A Fabrairun 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta wanke mawaƙi Orelsan daga tuhumar zuga mutane a kan mata, bisa hujjar cewa kalaman na mutanen da ya ƙaga ne.

6. Shin rubutu yana tona asirin mai niyyar kisa?

Masu goyon bayan tsanantawa suna da hujja mai nauyi. Ɗalibin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech ranar 16 ga Afrilu 2007 ɗan sashen Ingilishi ne, ya kuma rubuta wasannin kwaikwayo masu cike da kisa. Tun 2005 mawaƙiya Nikki Giovanni ta nemi a fitar da shi daga ajinta, shugabar sashen, Lucinda Roy, ta ci gaba da koyar da shi shi kaɗai, ta kuma sanar da hukumomin jami'a. To amma abin da ya tayar wa malaman hankali ya haɗa da halayensa: rashin magana da kowa, da ɗaukar hoton ƴan aji a ɓoye, ga kuma koke-koken da wasu ɗalibai mata suka kai a kansa. Labarin ya warwatsu ne a ofisoshi dabam-dabam, ba wanda ya haɗa shi wuri guda.

Rahoton da hukumar tsaron shugaban ƙasa da ma'aikatar ilimi ta Amurka suka fitar a 2002 ya binciki hare-hare 37 da mahara 41 suka kai a makarantu daga 1974 zuwa 2000. Ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na maharan sun nuna sha'awar zub da jini a rubuce-rubucensu, ke nan mafi yawansu ba su nuna ba. A kashi 81 cikin ɗari na hare-haren kuwa, akwai aƙalla mutum guda da ya san da shirin tun kafin a kai shi, galibi aboki ko ɗan aji. Mafi yawan maharan ba su yi wa waɗanda suka nufa barazana kai tsaye ba. Saboda haka rahoton ya raba mai furta barazana da mai haɗari na gaske, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa kotunan Amurka sun bar wa makaranta fili mai faɗi na tambaya da bincike da raba ɗalibi da aji na ɗan lokaci, amma sun ƙuntata ƙofar kaso. Dalilin a fili yake. Idan aka yi sakaci da rubutun da ke tare da wasu alamu, kamar neman makami ko kama suna ko bibiyar wani, ana iya rasa rayuka. Idan kuma aka kai kowace baƙar waƙa ga ƴan sanda, ɗalibai za su koyi ɓoye abin da suka rubuta, malami kuwa ya rasa hanyar da yake jin abin da ke damunsu, alhali binciken 2002 ya nuna cewa daga bakin ɗalibai labari yake fitowa. Aikin farko na malamin adabi shi ne ya karanta rubutun da idon sana'arsa, ya zauna da marubucin ya tambaye shi, sa'an nan ya kai abin da ya ji ga waɗanda ke da ikon haɗa shi da sauran abin da aka sani game da ɗalibin.