Koyon Kiɗan Jita

Jita abin kiɗa ce mai tsirkiya 6, dangin molo da garaya. A ƙasar Sifen aka ba ta siffar da aka san ta da ita, cikin ƙarni na 19. Cikinta na katako ne, wuyanta kuwa dogo, an gicciya masa ƙananan ƙarafa.

Mai koyo ya fara da daidaita tsirkiyoyi. Kowace tana da abin murɗawa a kan jitar. In an ɗaure ta sai muryarta ta yi sama, in an sassauta sai ta yi ƙasa.

Sa'an nan ya yanke farcen hannun hagu, gama da kan yatsa ake danne tsirkiya, dab da ƙarfe. Hannun dama shi ke kaɗawa. Da fari yatsu kan yi zafi, a nan ne yara da yawa kan watsar. Amma bayan 'yan makonni sai yatsun su yi kanta, zafin ya wuce. Minti 15 kullum ya fi sa'a 2 rana ɗaya a mako. In da gwani kusa, yaro ya zauna gabansa, ya lura da yatsunsa.

Rashin kuɗi ba ya hana koyo. Mdou Moctar, wani makaɗi na ƙasar Nijar, da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, har ya kai ga yin kiɗa a Turai da Amurka. Sannu ba ta hana zuwa.