Ingilishi a Damagaram: ƙananan kalmomi masu ɓata ciniki

A watan Maris na shekarar 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga mutanen Damagaram, Ingilishi ba baƙo ba ne: Kano na nan kusa, kimanin kilomita 240 ta hanyar Matamaye, kuma cikin wannan harshe ake rubuta takardun hukuma a can. Sai dai abin da ke kada ma'aikaci da ɗan kasuwa, wasu 'yan kalmomi ne guda uku: «a», «an» da «the».

Asalin matsalar a lakwal take, domin ta ƙofar Faransanci muke shiga Ingilishi. Shi kuwa Faransanci da wuya ya bar suna tsirara. Yana cewa «le sucre est cher», sai ɗalibi ya bi sawunsa ya rubuta «the sugar is expensive». Bature ɗan Ingila «sugar is expensive» zai ce, daidai da yadda ake faɗi a kasuwar Dole: sukari ya yi tsada. In aka ce sukarin ya yi tsada, to wanda aka riga aka sani ake nufi, kuma nan ne mazaunin «the». Wato ɗan harafin nan da muke liƙawa a gidan da motar ya fi Faransanci nuna mana hanya. Abin mamaki, ba safai ake tuna wa yara haka ba.

Ku duba abin da wannan ke jawowa a fatauci. Wanda ya rubuta wa abokin cinikinsa na Kantin Kwari «send a lorry» ya nemi wata mota, kowace iri. In motar da suka yi yarjejeniya a kanta yake so, «the lorry» ya kamata ya sa. In aka turo wata dabam, wa zai ga laifi?

Ma'aikacin buro shi ma yana da nasa ramin. A Ingilishin yau da kullum, sunan ƙasarmu «Niger» ne kawai. Wanda ya fassara «le Niger» da «the Niger», galibi za a ɗauka kogi ya ambata. Tsakanin «a» da «an» kuwa kunne ke hukunci: «an hour», amma «a university». Kalmomin «information» da «advice» ba su da jam'i, ko da Faransanci ya saba mana da «des informations» a kan kowace wasiƙa.