Sana'ar Haɗa Kayan Kiɗa da Tarukan Makaɗa a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Idan ana maganar kiɗa a kudancin Katsina, sunaye biyu ne suke fara zuwa baki, wato Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya kuma yi zama mai tsawo a Funtuwa kafin rasuwarsa a 1999, da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta kiɗan amada, wadda ta rasu a 2013. An yi rubuce-rubuce a kansu daidai gwargwado. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ya sassaƙa kalangun da ake kaɗa wa Shata, ya ɗaura masa fata, yake kuma gyara shi in ya ɓaci. Wannan maƙala a kan irin wannan mutum take, da yadda yake samun abincinsa.

Yadda ake haɗa kayan

Ba mutum ɗaya ke gama kalangu ba. Masassaƙi ne ke fara fafe icen, ya tsuke tsakiyarsa, ya bar baki biyu. An fi son icen alilliba don ba shi da nauyi kuma yana da amo. Daga nan sai a nemi fatar akuya mara kauri a wurin mahauta ko majema, a jiƙa, a kankare gashin, a ɗinke ta a kan zobe. Sannan a sarƙa tsirkiya daga wannan baki zuwa wancan. Ita tsirkiyar nan ita ce ran kalangu, domin ita makaɗi ke matsewa da hammata ya sassauta, har kalangun ya riƙa bin hawa da saukar muryar Hausa kamar mutum ke magana. Wasu kan zuba 'yan tsakuwa a ciki don ƙarin zaƙi.

Goge kuwa rabin ƙwarya ne da ake rufewa da fatar guza ko ta damo, a ɗaura masa izgar doki a matsayin tsirkiya, a ɗora ta bisa ɗan icen da ake kira jaki. Bakan da ake gogawa shi ma izga ce, kuma sai an shafa mata ƙaro take kamawa. Kukuma ƙanwar goge ce. Garaya ta mafarauta da 'yan bori tsirkiya biyu gare ta. Masu amada nasu ya fi sauƙi: ƙore ne manya da ƙanana, a kife wata cikin ruwa, a kaɗa da 'yan sanduna.

Mai karatu zai lura cewa duk abin da na lissafa, daga gona yake, ko daji, ko mahauta, ko barga. Babu abin da sai an yi odarsa daga teku. Ga kuma yanayinmu: damina ta sa fata ta saki, hunturu ya busar da ita ta tsage. Saboda haka mai wannan sana'a ya fi cin abinci a gyara bisa ga sayar da sabo. Ice ɗaya zai iya shekara da shekaru a hannun makaɗi, amma fata da tsirkiya kullum cikin sauyi suke.

Misali daga waje

Akwai wani kayan kiɗa na Turawa da ake kira akodiyon. Zugazugi ne irin na maƙera, mai maɓallai a gefe, iska tana bi ta kan 'yan siraran harsunan ƙarfe ta ba da sauti. An yi masa rajista a birnin Biyana a 1829, kamfanoni irin su Hohner na Jamus suka yaɗa shi duniya. A Nijeriya, marigayi I.K. Dairo ya shigar da shi kiɗan juju na Yarbawa, ya yi suna da shi a shekarun 1960. Amma a ƙasar Hausa bai kafu ba. A ganina ba rashin daɗi ne ya hana ba. In harshe ɗaya ya karye, ko ƙurar hunturu ta toshe shi, wa za a kai wa a Bakori ko Ƙafur? A ƙasashen da yake da kasuwa, ƙananan masu shago ne ke riƙe da shi, suna bin bukukuwan kiɗan gargajiya da akwatin gyara, su saita na mutane, su sayar da na hannu. Abin da namu masu haɗa kalangu suke yi ke nan tun kafin mu san da Turawa.

Kaka ita ce kasuwa

Wannan yanki ƙasar auduga ce da dawa da masara. Tun da jirgin ƙasa ya ratso Funtuwa daga Zariya zuwa Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ga kuma injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi, kuɗi sun riƙa shigowa hannun manomi a lokaci ɗaya, wato bayan an kai auduga awo. A lokacin ne ake ɗaura aure, a yi kalankuwa, a kafa dandalin dambe da kokawa, 'yan tauri su yi taronsu. Kowane taro da kiɗansa, kowane kiɗa kuma da mai gyaransa.

Ina tune da wani dattijo da nake gani ina yaro a bakin filin dambe. Ba ya kallon wasa. Yana zaune a kan buzu da basilla da ɗaurin tsirkiya da 'yar ƙwaryar ruwa, makaɗa na kawo masa kalangai. Ba a cika biyansa nan take ba. Sai an tashi, an raba abin da aka samu, a ba shi nasa. Ashe ke nan in daren ya yi kyau ya samu, in ba a yi kari ba ya koma gida da bashi a kan mutane. Da damina kuwa gonarsa yake komawa, sai fa gangar noma in za a yi gayya.

Bukukuwan hukuma

Daga baya aka sami tarukan da hukuma ke shiryawa. Bikin Argungu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Bikin al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST an fara shi a 1970 bayan yaƙin basasa, sai FESTAC a 1977 da aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ita ma ta riƙa tura tawagarta. Waɗannan taruka sun ɗaga martabar makaɗa, babu musu. To amma sau ɗaya ake yi a shekara, kuma 'yan kaɗan ake zaɓa. Na taɓa zama cikin wani kwamitin shirya tawaga, muka ware kuɗin mota da na anko da na abinci, babu wanda ya tuna da gyaran kaya, har da ni. Sai da muka isa masauki fatar babban kalangunmu ta fashe, muka kwana muna neman aro.

Abin da ya sauya

An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙu suka yi ta durƙushewa, auduga ta ja baya. Daga shekarun 1990 fiyano ta shigo tare da finafinan Hausa, yaro ɗaya ya danna maɓalli ya fitar da amon kalangu ba tare da fata ba. Masu biki suka ga ɗauko mai na'ura ya fi ɗauko ƙungiyar mutum goma araha. Wa'azi ma ya sa wasu gidajen makaɗa sun ajiye sana'ar. Na baya-bayan nan kuma shi ne rashin tsaro a dazuzzukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wanda ya rage taron dare, ya kuma sa shiga daji neman ice ko guza ya zama kasada.

Inda sana'ar ta fi saura yanzu shi ne fagen dambe, da fada, da taron siyasa, da wurin mahauta, waɗanda kalangu nasu ne tun asali. Malaman makaranta da ke shirya ranar al'adu za su iya gayyato mai haɗa kalangu ko goge ya zo da kayan aikinsa, ya ɗaura fata a gaban yara, a rubuta sunan kowane ɓangare kamar yadda ya faɗe shi, domin sunayen sukan bambanta tsakanin gari da gari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da yake da aiki a hannu.