Amana ce jarin shafukan kula da dabbobin gida

Duk wanda tafiya ta kama, alhali yana da kare ko kyanwa, tambayarsa ɗaya ce: wa zai damƙa wa dabbarsa da mabuɗin gidansa? Domin amsa ta aka kafa Rover a birnin Seattle na Amurka a shekarar 2011, shafin intanet da ke haɗa masu dabbobi da masu kula da su a kan lada. A 2017 ya haɗe da abokin gogayyarsa DogVacay, a 2024 kuma kamfanin Blackstone ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 2.3.

Gina irin wannan shafi bai kai tantance mutane wuya ba. A Amurka, Rover yana bincikar ko mai neman aikin ya taɓa aikata laifi, sannan masu dabbobi su rubuta shaidarsu bayan an gama aiki. Sai dai binciken baya ba ya tona mai sakacin da zai bar ƙofa a buɗe ko ya manta da lokacin magani. Shi ya sa shafin ke ba da shawarar ganawa ido da ido kafin a ƙulla ciniki, mai dabba ya ga yadda dabbarsa ta karɓi baƙon.