Gasar Hasashe: A Daina Gyara Amsa Bayan Alƙali Ya Busa

Yanzu da wuya ka buɗe Facebook ko ka leƙa zauren WhatsApp ba ka tarar da gasar hasashe ba. Mai shagon waya ya sa katin dubu biyu ga wanda ya canki yadda za a tashi tsakanin Arsenal da Chelsea. Wani shafin labarai ya tambaya nawa litar mai za ta kai a ƙarshen wata, wani ya ce a faɗi wanda zai ci zaɓen gwamna, wani kuma ranar da za a ga watan Sallah. Wasa ne mai daɗi, yana sa matasa bin labarai, kuma yawanci ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Sai dai mun riga mun shigar masa da son banza, har ta kai mai gaskiya a cikinsa ya fara ganin kansa wawa.

Abin da na gani a daren 11 ga Fabrairun 2024 ya isa misali. Ranar ce aka buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan tsakanin Najeriya da Kwadebuwa mai masaukin baƙi. Wani shafi da nake bibiya ya sa kyautar kati da data ga duk wanda ya canki ci nawa za a tashi, bisa sharaɗin a rubuta kafin a take leda da ƙarfe tara na dare agogon Najeriya. Kishin ƙasa ya kwashi jama'a, kusan kowa ya ba Super Eagles. William Troost-Ekong ya zura da ka kafin hutun rabin lokaci, gidajen kallo suka kaure da ihu. Da aka dawo Franck Kessié ya farke, Sébastien Haller ya ƙara ta biyu ana dab da tashi. Kwadebuwa biyu, Najeriya ɗaya.

Mai shafin ya gama shan takaicinsa ya zo duba amsoshi, sai ga mutane rututu, kowa da "Kwadebuwa 2-1", kuma lokacin da ke jikin rubutun yana nuna tun da yamma aka yi shi. Abin mamaki, mutanen da aka ji suna rantsuwa Osimhen zai ci uku, yanzu duk sun zama masu gani har hanji. Ashe gyara suka yi. Facebook ba ya canza lokacin rubutu idan an gyara shi, amma yana maƙala 'yar alama da ke nuna an taɓa, kuma in ka danna ta za ka ga abin da aka fara rubutawa. Da aka danna ta wani bawan Allah, sai ga "Najeriya 3-0 insha Allahu" a ƙarƙashi. Aka nuna masa. Ya ce kuskuren hannu ne ya gyara. Aka ce kuskuren bai bayyana masa ba sai bayan ƙwallon Haller? Ya koma cewa ai kowa ma haka yake yi. Da magana ta ƙare masa sai ya hau faɗa: "Yanzu a kan katin dubu ɗaya za a tozarta ni?"

To Malam, wa ya fara sa wa mutuncinka farashin dubu ɗaya? Kai da hannunka. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wani yaro da ya rubuta 2-1 na gaskiya tun kafin magariba. Ya sha zagi a kai, an kira shi maras kishin ƙasa, an ce baƙin ciki yake wa Najeriya. Ya daure bai goge ba. Da gaskiyarsa ta fito, saura kaɗan a raba kyautarsa da waɗanda suka zage shi.

Wannan wayon yana da 'yan'uwa. Akwai mai aika hasashe uku, in an tashi ya goge biyu ya bar wanda ya dace, kuma a Facebook abin da aka goge ba ya barin sawu. Akwai masu cin gajiyar mintuna 15 da WhatsApp ya ba mutum ya gyara saƙo tun daga 2023. In tambayar ita ce wa zai fara zura ƙwallo, sai mutum ya aika amsa saura minti biyu a fara, ya zauna da waya a hannu, in an ci da wuri ya sauya suna. WhatsApp zai nuna an gyara, amma ba zai nuna abin da aka fara rubutawa ba, sai a yi ta musu har asuba.

Sai babban cikinsu, mai asusu barkatai. Ga nasa, ga na matarsa da ba ta san ana yi ba, ga wani da ya buɗe da sunan ƙanwarsa da hoton fure. Wasan ƙwallo hanya uku gare shi: a ci, a sha kashi ko a yi canjaras. Mai asusu uku ba zai taɓa faɗuwa a wasa ɗaya ba, ko da bai san sunan mai tsaron gida ba. In wasanni biyu ne asusu tara sun rufe kowace ƙofa, in uku ne 27. Haka in aka tambayi wa zai ci zaɓen shugaban ƙasa na 2023, layi huɗu sun ishe shi: Tinubu, Atiku, Obi, Kwankwaso. Ina hasashe a nan? Wannan aringizon ƙuri'a ne, irin wanda muke kwana muna tsine wa 'yan siyasa a kansa.

Duk gasar da ta san abin da take yi, a kan waɗannan abubuwa biyu ta tsaya: ƙofa tana rufewa a kan lokaci, kuma mutum ɗaya amsa ɗaya. Dubi Fantasy Premier League da yaranmu suke yi, wadda ke da mutane sama da miliyan 10 a duniya. Ana rufe canja 'yan wasa mintuna 90 kafin wasan farko na mako, ko da kai ɗan sarkin Ingila ne, kuma dokarta ƙungiya ɗaya ga mutum ɗaya. Samarinmu suna bin wannan doka ba gardama domin na'ura ce ke rufe ƙofar. Amma da zarar an ce amana ce tsakaninmu, sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Abin kunya ne na'ura ta fi tsoron Allah hana mu cuta.

Masu shirya gasar su ma suna da kasonsu na laifi, domin sakacinsu ne ke buɗe wa ɓarawo taga. Mutum ya sa kyauta ya tafi gidan kallo, bai ajiye shaidar komai ba, sannan ya dawo yana kuka an cuce shi. In ka shirya gasa, ka faɗi ƙarfe nawa za a rufe da kuma agogon wace ƙasa, domin Kano da Yamai lokacinsu ɗaya, amma Kumasi tana bayansu da awa guda. Lokaci na cika ka ɗauki hoton duk amsoshin da wayarka, ka rufe wurin rubutu. A zauren WhatsApp ka mayar da shi shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo har a tashi. Ka rubuta tun farko cewa duk amsar da ke da alamar gyara ta faɗi, ko da wasali ɗaya aka taɓa. Wanda ya yi kuskuren gaske ya sake sabon rubutu kafin a rufe, ya ce na farkon ya soke. Wanda aka ga amsarsa biyu bai soke ɗaya ba, duka biyun sun tafi. Kyauta kuma a tura ta ga layin da sunan mai shi ya yi daidai da sunan da ya shiga gasa. In mutane da yawa suka canka daidai, a san tun kafin a fara ko wanda ya riga ne zai ɗauka, ko rabawa za a yi, ko ƙuri'a a gaban kowa.

Hasashen labarai yana da wata matsalar da ƙwallo ba ta da ita, wato wa zai busa tashi. A ce an tambaya wa zai ci zaɓen gwamnan Kano na 2023. A watan Maris INEC ta ce Abba Kabir Yusuf. A watan Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ce Nasiru Gawuna, kotun ɗaukaka ƙara ta goya mata baya a Nuwamba, sannan ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa. Wanda ya tsara tambayar bai ce "wanda INEC ta bayyana" ba, ya tara wa kansa rigimar wata goma. Haka farashin dala: na Babban Banki ake nufi ko na 'yan canji a Wapa? Ganin wata: sanarwar Sarkin Musulmi, ko ta Saudiyya, ko ta Nijar? A rubuta majiya, a rubuta rana, kafin kowa ya amsa.

Sannan wanda ya riga ya san amsa ba shi da hurumin shiga. Ma'aikacin gidan rediyon da ya ga sanarwa kafin a karanta ta, ko ƙanin mai shafin da ya shirya tambaya, su koma gefe su yi kallo. Ko a manyan kasuwannin hasashe na Turawa wannan ne ke ɗaga hankali. A Oktoban 2025, sa'o'i kaɗan kafin a sanar da María Corina Machado ta Benezuwela a matsayin wadda ta samu kyautar zaman lafiya ta Nobel, aka ga wasu sun zuba kuɗi a kan sunanta a dandalin Polymarket, har Cibiyar Nobel da ke Norway ta shiga binciken ko labarin ya tsiyaya ne. Ita ma BBC ba ta tsira ba. A 2007 hukumar Ofcom ta Birtaniya ta ci ta tarar fam 50,000 saboda shirin yara na Blue Peter ya sa wata yarinya da ta zo ziyara ta fito a matsayin wadda ta ci gasar kiran waya. In BBC ta biya tara a kan wannan, mai shafin da kullum abokansa ke cin kyauta ya daina ce mana sa'a ce.

Iyaye da 'yan'uwa kuma ku lura da inda wasa ya ƙare. Da zarar an ce kowa ya ajiye ɗari biyar wanda ya canka ya kwashe, an bar gasa an shiga caca, kuma kowa ya san hukuncinta. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, to kada a kore ta daga bakin titi ta dawo ta cikin wayar yaranmu da sunan hasashe. Haka duk wanda ya kira ka ya ce ka ci gasa, ka turo BVN ko lambobin da banki ya aiko maka, ko ka biya kuɗin karɓar kyauta, ɗan damfara ne, ka kashe wayarka.

Ɗan'uwa, in ka rubuta hasashenka, ka cire hannu. In ka dace ka karɓi kyautarka da fuska a sake, in ka faɗi ka taya wanda ya ci murna ka jira wani makon. Ƙannenka da 'ya'yanka suna cikin zaurukan nan suna ganin abin da kake yi. Wanda ya saba gyara amsa a kan katin waya, ranar da aka damƙa masa takardar sakamakon akwatin mazaɓarsu ma gyarawa zai yi.