Rolls-Royce Phantom IV

Rolls-Royce Phantom IV doguwar motar alfarma ce da kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya ƙera daga 1950 zuwa 1956. Guda 18 kacal aka yi, kuma 'yan gidan sarauta da shugabannin ƙasashe kaɗai ake sayar wa. Inji da shasi kawai kamfanin yake haɗawa, bodin kuwa maƙera irin su H. J. Mulliner da Hooper ne suke yin sa da hannu, yadda mai saye yake so. Gimbiya Elizabeth ce ta karɓi ta farko a 1950. Sarkin Iran da Janar Franco na Sifaniya ma sun mallake ta. Wannan sana'a ta ja baya da masana'antu suka koma fitar da mota da bodinta a haɗe. Hooper ya daina ƙera bodi a 1959.